Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda in ba a tuna mini ba sun tafi ke nan. Amma daminar da ɗiyata ta fari take shirin shiga babbar makarantar koyon kasuwanci ta Yamai, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai ina jin ita za ta rage. A daminar ce na yi abin da matan garinmu suka daɗe suna zunɗe na a kansa, kuma har yau da nake rubuta wannan ban ji nadama ba ko kaɗan.

Sai na fara bayyana yadda muke, don wanda bai tashi a cikinmu ba. Mu a wajenmu, can ƙasar Guci, uwa ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. Na haifi yarinyar nan da ƙuruciyata, ban daɗe da barin kwaleji ba, kuma ana yaye ta surukata ta ɗauke ta zuwa sashenta. Inna muke kiran surukar tawa, duk gidan. Yarinya ta tashi tana ce mini Yaya, don haka ta ji ƙannen ubanta suna kirana. Ni kuwa in zan yi zancenta sai in ce ƴar Inna, in zan aike ta sai in ce ke. In ta faɗi ta fasa gwiwa ina cikin daka, ba na ajiye taɓarya, sai dai in bi ta da wutsiyar ido har wani ya ɗaga ta. Baƙo zai ce rashin tausayi ne. Mu mun san girmamawa ce ga iyayen miji, kana nuna musu cewa ɗan nasu ne. Abin da ke cikin ƙirji kuwa, wannan tsakaninka da Allah.

Inna ta yi mata tarbiyya, wannan ba zan taɓa musantawa ba. Yarinya ce da ba ta gaida babba a tsaye. In ana yi mata magana idonta na kan yatsun ƙafarta, muryarta sai ka matso kake ji, in an yabe ta sai ta ja hijabi ta rufe fuska. Da ita ake yi wa ƴan matan unguwa misali. Ga kuma kai, Allah ya ba ta. Daga lakwal ɗin garinmu, wato makarantar firamare, ta wuce kwaleji, daga nan lise, babbar sakandare, a Magariya inda ta zauna wajen gwaggonta, har ta ci bak, jarrabawar kammala lise, da sakamakon da malamansu suka yi ta magana a kai.

Mushensu na lissafi, wato malaminsu, shi ne ya kawo zancen makarantar nan ta Yamai. Ya ce kwankur ake yi, wato gasa ce, daga ƙasar nan gaba ɗaya mutum kaɗan suke ɗauka, wanda aka ɗauka kuma an ɗauke masa nauyin karatu. Shi ya tsaya aka haɗa dosiye, wato takardun neman shiga, shi ya raka su Damagaram suka yi jarrabawar rubutu. Ta haye. Saura guda, jarrabawar baki, inda ɗalibi zai zauna gaban manyan malamai ya faɗi ko shi wane ne, abin da ya taɓa yi, da dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar wani. Mu duk mun ɗauka mai wuyar ta wuce. Magana ce kawai, wa bai iya magana ba?

Wata ranar kasuwa sai ga mushen a kan babur. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, maigidana ya zauna, ga kuma yayansa, wanda yara ke kira Baffa, shi ne babban gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma ɗan kasuwar hatsi ne da ake jin maganarsa har Sassumbrum. Ni ina bayan zana ina wanke-wanke, na rage ƙarar kwanuka don in ji. Mushe ya ce sun yi wa yaran gwaji a lise kamar yadda za a yi musu a Yamai. Ya ce ita tun daga bakin ƙofa ta durƙusa, da kyar aka samu ta hau kujera, ba ta dubi kowa ba har aka gama, da aka tambaye ta abin da ta taɓa yi wanda take alfahari da shi sai ta ce babu komai. Ya ce ƴaƴan birni za su zo suna zuba kamar rediyo, in ta shiga haka, godiya za a yi mata a kira na gaba.

Baffa ya yi dariya. Ya ce ai abin da mushe ya lissafa duka alamun ɗiyar gidan mutunci ne, makarantar da ba ta son kunya mu ma ba mu son ta. Ya ce ba za a kwashi yarinya a kai ta Yamai don a yi mata dariya ba, ga makarantar horon malamai nan kusa, ta shiga ta fito ta koyar da yara, ya ishe ta. Na kasa kunne in ji abin da ubanta zai ce. Shi ma ɗiyar fari ce a wajensa, kunyar da ta ɗaure ni ta ɗaure shi. Abin da ya iya cewa kawai shi ne duk yadda yayansa ya gani.

Na daɗe da kwano a hannuna ruwa na ɗiga a zanena. Koyarwa ba abin raini ba ce, Allah ya sani. Amma na ga yarinyar nan tana karatu da fitilar hannu a bakin rumbu lokacin hutu, na ga yadda fuskarta ta yi ranar da aka ce ta haye rubutu. Yanzu a ce abin da zai kayar da ita shi ne abin da muka koya mata da kanmu? Na duba gidan nan kaf, ban da ita babu mai jin Faransanci sai ni. Na kai kwanaki ina roƙon Allah zaɓi bayan kowace salla. Na kuma je na sami malamarmu ta Islamiyya na tambaye ta a keɓe. Ta ce ita dai ba ta san inda addini ya hana uwa zama da ɗiyarta ko kiran sunanta ba, al'ada ce, kuma duban mutum don ba shi amsa daban yake da kallon banza. Ta ƙara da cewa amma in shirya, don bakin mutane ba zai bar ni ba.

Wata safiya da maza suka tafi gona, na ajiye kujeru ƴan tsugunne biyu suna fuskantar juna a ɗakina, na je sashen Inna na durƙusa na ce a ara mini yarinyar nan. Inna ta ɗauka tsintar wake ce, ta ce ta tashi ta bi ni.

Zaman farko, in na tuna shi dariya nake yi. Na ce ta zauna, ta zauna a ƙasa. Na ce a kan kujera. Na ce ta dube ni, sai na tarar ni kaina bango nake kallo. Malama da ɗaliba duk cuta ɗaya ke damunsu. Da na ga Hausa ba za ta fito ba sai na juya Faransanci, don shi babu nauyin surukai a cikinsa. To, Faransancin da na ajiye tun kafin a haife ta, sai tuntuɓe nake yi, ina jawo kalma tana kuɓucewa. Can sai na ji wani ɗan sauti daga cikin hijabi. Dariya take yi mini. Na ce to, tunda kin iya dariya, gyara mini. Ta ɗago don ta gyara mini, idonmu ya haɗu.

Ranar na fara ganin fuskar ɗiyata sosai, gaba da gaba, ba a sace ba. Ashe idon mahaifina ne da ita, Allah ya jiƙansa, har ɗan faɗuwar girar hagu. Na yi maza na ce hayaƙin murhu ne ya shigo ɗakin, alhali ko wuta ban hura ba.

Haka muka ci gaba kullum da hantsi. Na koya mata ta shigo da sallama ta miƙe tsaye, ta zauna ba tare da ta naɗe kamar tabarma ba. Na ce in idon mutum ya yi mata nauyi ta dubi tsakanin girarsa, shi ba zai gane ba. Na sa ta yi magana daga bakin ƙofa ni ina ƙuryar ɗaki, in ban ji ba ta sake. Waɗannan duk sun zo da sauƙi. Inda muka maƙale shi ne tambayar nan ta me kika taɓa yi. Ko ta ina na biyo, amsarta guda ce.

"Yaya, ni fa ban yi komai ba. Karatu kawai na yi."

Na lura ba ƙanƙan da kai take yi ba, har zuciyarta haka ta ɗauka. Kuma ina za ta sani? Wa ya taɓa gaya mata? Inna ba ta yabo don kada yaro ya lalace, ubanta ba ya yi, ni ba na yi. Sai na gyara zama na fara ba ta labarin kanta. Na gaya mata yadda tana ƴar ƙarama take raba wa ƙannenta fura ba a taɓa jin rigima ba. Na gaya mata yadda take tara yaran makwabta da hutu tana koya musu lissafi da ƙwallayen dabino. Sannan na zo kan wake.

A garinmu ƴan mata kan samu ɗan wakensu da kaka, na gayauna da na kala. Lokacin kuwa wake ba shi da daraja, ga tsoron ƙwari, sai su sayar wa masu zagayawa gida-gida suna tara wa manyan ƴan kasuwa, a loda a tsallaka iyaka da shi. Wata kakar, tana hutu, ta tara ƴan matan unguwarmu ta ce kada kowa ta sayar. Ta sa suka shanya shi ya bushe ƙayau, suka ɗura a bido, irin na mai, suka cika har baki suka toshe yadda iska ba za ta shiga ba, don ƙwaro ba ya rayuwa babu iska. Aka jera su a ƙarƙashin gadon Inna. Da bazara ta yi, ana neman iri ido rufe, suka fito da shi lafiya lau. A shekarar akwai wadda ta sayi tunkiya. Mutane suka yi ta cewa dabarar Inna ce, yarinyar kuwa ta bar su a haka.

Ta zuba mini ido, ta manta da kunyar gaba ɗaya. "Yaya, ashe kin sani?"

Na ce, "Bidon da kike tsinta a bayan rumbu a wanke tas, kin ɗauka aljanu ke ajiye miki? Tun kina rarrafe babu abin da kika yi da ban gani ba."

Ta kifa kanta a gwiwata ta yi kuka, ni ma ban tsaya neman hayaƙin da zan ɗora wa laifi ba. A haka Inna ta ɗaga labule ta same mu.

Ba ta yi faɗa a lokacin ba. Ta dube mu, ta saki labulen. Da yamma ta aika aka kira ni. Ta ce ita ta ga lalacewar zamani iri-iri amma ba ta taɓa ganin uwa ta haɗa gwiwa da ƴar fari kamar ƙawaye ba. Ta ce shekara da shekaru tana gina yarinya, ni zan rushe a damina ɗaya, in mayar da ita mai tsaurin ido. Ina durƙushe. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa mayar mata da magana ba. Amma na ce, "Inna, kunyar da kika koya mata ko zan iya cirewa ba zan cire ba, ita ce mutuncinta. Ina so ne ta san inda ake ajiye ta a ba da amsa, sannan a ɗauka. Ki yi haƙuri, gobe ma zan zo aronta."

Daga ranar kwanon tuwon da nake kai mata ya riƙa dawowa a rufe yadda na kai shi. Wannan ya fi kowace magana yi mini ciwo. Ban fasa kaiwa ba, ban kuma fasa zuwa aro ba. Ba ta taɓa cewa to ba, sai dai ta juya baya, yarinya ta taso ta biyo ni.

Zance ya fita gari. A bakin rijiya, a gidan suna, ko'ina ni ce abin hira. Wai boko ya taso mini da girma. Wai da ma ƴan lakwal ba su da ta ido, ɓoyewa na yi. Suka laƙaba mini Madam, yadda ake kiran malamar lakwal. Wata rana a gidan suna wata ta ɗaga murya don kowa ya ji ta ce, "Madam, yau ba lakwal ne?" Na ce akwai, in tana da ɗiyar da za ta kawo akwai sauran kujera. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ni ba mai baki ba ce, amma da na dawo gida na ji wani sanyi da ban saba ji ba.

Maigidana bai taɓa ce mini ci gaba ba, bai kuma ce bari ba. Sai wata rana ga shi da amalanke ɗauke da tebur da kujerun lakwal, ya shigar da su ɗakina yana cewa wai darakta, shugaban makarantar, shi ya roƙa a ajiye masa saboda rufin ajin na yoyo. Na ce Allah sarki, za a kula da su. Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Duk wannan wahalar banza ce in Baffa bai janye maganarsa ba, ga lokacin tafiya yana matsowa. Mutumin da tun aurena gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma daga nesa. Na yi alwala bayan la'asar, na saka hijabina, na je ƙofar sashensa na durƙusa. Na yi gaisuwa har ta ƙare, ban tashi ba. Ya ce lafiya? Na ce alfarma na zo nema, a bar yarinyar nan ta je Yamai.

Ya ajiye carbinsa. "Uwar ƴar fari ce da kanta take zuwa roƙo mata? Lallai mun ga zamani."

Na ce, "Alhaji, kunya ta hana ubanta magana, ta hana ita kanta magana. In ni ma na yi shiru, wa ya rage mata?"

Na ce ban roƙi ya yarda da maganata ba, ya gwada ta da kansa. A duk duniya babu idon da take jin nauyi kamar nasa. In ta iya dubansa ta ba shi amsa, mutanen Yamai ba za su gagare ta ba. In ta kasa, na bar zancen har abada. Ina jin abin wasa ya ɗauke shi, don da murmushi ya ce ranar kasuwa mai zuwa a kira mushen.

Ranar aka fito da teburin darakta ƙarƙashin itacen dogon yaro da ke ƙofar gida. Baffa ya zauna cikin babbar riga, mushe a gefensa. Mata suka cika bayan zana, har da waɗanda ba su taɓa shigowa gidanmu ba. Maigidana tun da safe ya tuna akwai saniyar da ke ɗingishi a ruga, ya tafi. Inna ta zauna a bakin zaure da carbi, ta ba wa teburin rabin baya. Hadari na haɗowa daga gabas, iska ta tsaya cik.

Yarinyar ta fito cikin hijabinta fari, ta yi sallama, ta zauna. Mushe ya fara da Faransanci. Ta amsa, muryarta na fita, kanta a ɗage, ina hango ta ta hudar zana ina bin bakinta da nawa. Mushe sai gyaɗa kai yake yi. Can Baffa ya yi gyaran murya ya ce shi da Hausa zai yi tasa.

"Ke, ƴar gidan Inna. Ga ɗiyan manya a Yamai, sun tashi cikin lantarki da littattafai. Me kika fi su da shi da za a ɗauke ki a bar su?"

Ina gani kanta ya fara sauka, sannu a hankali, har haɓarta ta taɓa ƙirji. Hannunta ya kama bakin hijabi. Aka ji wata ta yi ƴar dariya a bayana. Mushe ya dubi ƙasa. Baffa ya jira, don ba mugu ba ne, ya ba ta lokaci sosai. Da ya ga babu alama sai ya fara tattara hannun rigarsa zai tashi, yana cewa to kun dai gani.

Ban san lokacin da na zagayo zanar ba. Na tsinci kaina a tsaye a fili, gaban wan mijina, gaban baƙo, gaban surukata. Na kira sunanta. Sunanta na yanka, cikakke, wanda liman ya raɗa mata, wanda ban taɓa furtawa ba sai a sujada. Ya fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Mata suka ɗauki salati. Carbin Inna ya tsaya. Yarinyar kuwa ta ɗago a firgice, tana neman inda sunan ya fito, don ba ta san shi da wannan muryar ba. Na ce, "Baffanki ne, tambaya ya yi miki. Ba shi amsa."

Ta dube ni, ta share ido da bayan hannu, ta juya ta dubi Baffa, ba tsakanin gira ba, cikin ido.

"Baffa, ban sani ba ko na fi su. Amma ka tuna kakar da masu sayo maka wake suka zagaya unguwarmu suka koma da buhu wayam?"

Ya ce ya tuna, har yau bai san wanda ya yi masa wannan aikin ba.

"Ni ce, Baffa."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi yadda ta shawo kan ƴan matan, da wadda ta kusa ɓallewa saboda bikin yayarta, da yadda suka yi da ita. Ta ce abin da ta yi da bido a ƙarƙashin gado, so take ta koyi yadda ake yin sa da babban sito, don matan ƙasar nan su daina rabuwa da amfaninsu ranar da ya fi arha. Ta ce ita ta san abin da za ta yi da karatun in ta dawo, shi za ta gaya wa mutanen Yamai.

Baffa ya dube ta. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya juya wajen mushe ya ce, "Malam, ku kai ta Yamai tun ba ta talauta ni ba." Ni kuwa ko kallona bai yi ba, kuma na gode masa da hakan. Ruwa ya sauko, aka ruga da teburin mutane.

Inna ta tashi ta shige sashenta. Amma da magariba kwanona ya dawo babu ko loma. Kashegari da na je gaishe ta, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, suna dai na riga na faɗa, ba ya komawa ciki, amma kada ta ƙara ji a gabanta. Na ce to, Inna. Na kuma riƙe wannan alkawari har ta bar duniya. A gabanta ƴar Inna ce. A ɗakina kuwa ina kiran abata yadda nake so.

Gwaggonta ce ta raka ta Yamai, suka zauna wajen dangi har sakamako ya fito. Daga baya yarinyar ta ba ni labari cewa da ta shiga ɗakin jarrabawar gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa da kansu. Ta ce ba ta hana su ba, ta rusuna ta gaishe su yadda Inna ta koya mata, sannan ta miƙe, ta zauna, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin yankan gero wayata ta yi ƙara. Da can in za ta kira gida, wayar ubanta take kira a kai wa Inna. Ranar tawa ta kira. Ta ce, "Yaya, sun ɗauke ni." Na yi hamdala, na kira sunanta, sannan na ruga sashen Inna da wayar a hannu, don ita ma tana da haƙƙin ta ji da kunnenta. Har yau Yaya take ce mini, bakinta ya saba, ban kuma nemi ta canza ba.

Abin da na koya shi ne, yaro ba zai iya faɗin alherin da ke tare da shi ba in bai taɓa jin wani ya gaya masa ba. Iyayen da ƴaƴansu ke shirin irin wannan gasa, mukan tsaya kan dosiye da karatun jarrabawa, mu manta cewa akwai ranar da za a ce wa yaro faɗa mana ko kai wane ne, amsar kuma a gida ake ba shi ita. Ban raina al'adarmu ba, ƙannenta ma na koya musu durƙuso da sunkuyar da kai. Amma al'ada don ta kare ɗa aka yi ta. Ranar da ta tsaya tsakaninsa da rabon da Allah ya buɗe masa, dole wani ya ɗauki kunyar ya ajiye gefe, kuma na ga babu wanda ya fi uwa dacewa ya sha surutun. Har gobe akwai masu ce mini Madam a bakin rijiya. Ina juyowa in amsa, da kaina a ɗage.